Na ci abincin gidan mutanen Holan a Leiden

Abokin karatuna ɗan ƙasa ne ya matsa, wai wata nawa ina Holan ban san komai ba sai shawarmar Turkawa, to jiya dai ya ja ni wani ƙaramin gidan abinci a bakin ruwa, tebur bai fi goma ba kowanne da kyandir. Ƙarfe shida na yamma amma har an cika, mutanen nan da wuri suke cin na dare wallahi.

Abu na farko, ka buɗe baki ka yi tambaya. Miyarsu ta koren wake da suke kira snert, mai kaurin da cokali zai tsaya a ciki, da naman alade ake yinta, haka tsiran alade ɗin nan rookworst da suke ɗorawa kan stamppot, wato damammen dankalinsu mai kayan lambu. Matar da ke kawo abinci ba ta ɓoye min komai ba, har kicin ta koma ta tambayo, nan kam ta burge ni. Naman sa ma ba yankanmu ba ne, sai na ce a ba ni hutspot babu nama da soyayyen kifi a gefe.

Hutspot ɗin nan dankalin turawa ne da karas da albasa aka dafa aka dame, kamar faten dankali da ya yi tauri. Abokina ya ce duk 3 ga Oktoba shi ake ci a Leiden, don tuna ranar da sojojin Sifaniya suka janye ƙawanyar da suka yi wa garin a 1574. Ya lotsa tsakiyar nasa da cokali ya zuba romo a ramin, irin yadda kake lotsa loma da babban yatsa, ni narkakken man shanu aka kawo min. Akwai zaƙi-zaƙin karas, yana da zafi, ga cika ciki, a sanyin nan ya yi. Amma jama'a babu yaji ko na rantsuwa! Na roƙi barkono aka miƙo min masoro, da ƙyar aka samo sambal, wato markaɗaɗɗen barkono, shi ya cece ni.

Kifin kam ba laifi. Kuɗin ne dai ya ɗan yi ciwo, sama da yuro 20 a kan dankali, kuma kati kawai suke karɓa. Abokina ya biya, ina ta godiya ina sa albarka, kafin na isa ɗaki sai ga Tikkie a waya, wato saƙon neman kuɗi da suke turawa juna, wai in turo rabona.