Kwana biyu a gonakin inabin Stellenbosch: abin da kamfanin shirya tafiya ya yi mana da wanda ya kasa

Jadawalin farko da suka turo mini ta WhatsApp sai da ya ba ni dariya. Kwana biyu, gonaki shida, kowace gona an rubuta "ɗanɗanon giya" a gabanta, har da wadda za a fara tun ƙarfe goma na safe. Alhali a saƙona na farko na faɗa musu ni da uwargida Musulmi ne, ba ma sha, gonakin da duwatsun muke son gani. Na nuna mata wayar, ta karanta, ta ce, "Malam, waɗannan ko sun karanta saƙonka kuwa?" Ba su karanta ba. Tsarin da suke ba kowa suka ɗauko suka canja suna.

Taro ne ya kai ni Cape Town a watan Fabrairu, na ƙara kwana biyu a kai. Ina da ɗan lambu, kuma tun da na ga yadda inabi ya karɓi ƙasar Kudan a jihar Kaduna nake son ganin inda aka daɗe ana nomansa. Tuƙi kuwa ban yarda in yi da kaina ba: a Afirka ta Kudu hannun hagu ake bi, hanyoyin kuma na kan dutse ne. Shi ya sa na nemi wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa baƙi mota da direba da wuraren zuwa. Na same su a intanet, na biya rabin kuɗi kafin in bar gida.

Da na mayar da jadawalin, sai na rubuta sharuɗɗana ɗaya bayan ɗaya: ba ɗakin giya, a sa lokacin azahar da la'asar, abinci ya zama na halal, a nemo mini gonar da zan shiga cikin kunya in yi magana da mai kula da ita. Nan dai na yaba musu. Cikin kwana ɗaya suka sake tsari, suka kuma ce za su ba mu direba Musulmi. Wannan direban shi ne rabin kuɗin da na biya, ko ma fiye.

Dattijo ne daga cikin Musulmin Cape, waɗanda kakanninsu Turawan Holan suka kawo daga Indunusiya da Indiya da gabashin Afirka, wasu a matsayin bayi, wasu a matsayin waɗanda aka kora daga ƙasarsu. Na ji mutane suna ce masa "Boeta", wato yaya, ni ma na bi sahu. Tun kafin mu isa Stellenbosch, wadda ba ta fi kilomita 50 daga Cape Town ba, ya ratse da mu zuwa Macassar inda kabarin Shehu Yusuf na Makassar yake, malamin da aka kawo gudun dole a 1694 ya rasu a 1699. Wannan ba ya cikin jadawali. Cewa ya yi bai kamata baƙo Musulmi ya wuce bai san ta inda addinin ya shigo yankin ba.

Garin Stellenbosch kansa Simon van der Stel, shugaban Turawan Holan a Cape a lokacin, shi ne ya kafa shi a 1679. Fararen gidaje, manyan itatuwa sun rufe tituna, ɗaliban jami'a ko'ina a kan kekuna. Mun zaga na awa ɗaya, ya ishe ni. Abin da ya kawo ni yana bayan gari, a gindin dutsen Simonsberg.

Mun isa gonar da hantsi, ana tsakiyar girbi, domin a can daga Janairu zuwa Maris ake yankan inabi. Ma'aikata sun fito tun da asuba da almakashi da kwanduna na roba, suna sauri kafin rana ta yi zafi. Manajan gonar ya ba ni kusan awa biyu. Kowace kunya an kafa mata turaku an ja waya, kurangar tana kwance a kan wayar, a ƙasa kuma ga siririn baƙin bututu yana ɗiga ruwa daidai gindin kowace shuka. Na tsuguna na tona ƙasar da yatsa: sama busasshiya ƙamas, ƙasa da danshi. Ƙasar ma ba ta burge ni ba, tsakuwa ce da burji, irin wadda a gida za mu ce ba ta da albarka. Ya ce haka suke so. Idan kuranga ta ƙoshi da ruwa da taki sai ta yi ta ganye, 'ya'yan su yi lami. Suna hawa gangaren dutse ne saboda ruwa ba ya kwanciya, ga sanyin dare da iskar da ke tasowa daga teku. Damina tasu kuma a lokacin sanyi take, wajen Yuni zuwa Agusta, sai su tara ruwan a madatsai su yi ban-ruwa da rani. Tun farin 2017 da 2018, da ya kusa ƙafar da famfunan Cape Town, kowa ya koyi lissafin ɗigo.

Ya tsinko mini nono ɗaya na wani iri da ake kira Pinotage, wanda Farfesa Abraham Perold ya haɗa a jami'ar Stellenbosch a 1925. 'Ya'yan ƙanana ne, fata mai kauri, ƙwallaye cike da baki, amma zaƙi kamar an zuba zuma. A nan ne na gane babban kuskuren tafiyar. Wannan inabin matsewa ne, ba irin wanda muke saye a kasuwa mu ci ba. Inabin ci, wanda zai amfani lambuna, a kwarin Hex River ake nomansa da yawa, wajen garin De Doorns, a kan babbar hanyar N1. Na faɗa wa kamfanin ni manomi ne tun farko. Wanda ya san aikinsa da ya ce, "Alhaji, ka ba kwarin Hex kwana ɗaya." Ba wanda ya ce mini komai, sai daga bakin manajan gona na ji, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe.

Sai maganar abincin rana, wadda har yanzu uwargida ba ta yafe ba. Kamfanin ya tabbatar mini sun sanar da gidan abincin wata gona. Muka zauna a inuwa, ga duwatsu a gabanmu shuɗi-shuɗi, aka kawo takardar abinci. Naman ba yankan Musulmi ba ne, ga na alade a jere. Muka ce to a ba mu kifi. Allah ya sa uwargida ta tambayi yarinyar da me aka yi romon, ta leƙa kicin ta dawo ta ce da farar giya. Ƙarshenta burodi da cuku da zaitun muka ci, a kan farashin da zai ciyar da gida guda. Boeta ya ji haushi fiye da mu. Bayan mun yi azahar a masallacin Stellenbosch ya kai mu wani ɗan shago na halal, muka ci samosa da bobotie, wato niƙaƙƙen nama da aka gasa da ƙwai a kai, da shinkafa mai kurkum. Daga baya kamfanin ya mayar mini da kuɗin abincin, amma sai da na tuna musu sau biyu.

Rana ta biyu ta fi daɗi. Muka haura ta mashigin Helshoogte, muka gangara Pniel, ƙauyen da aka kafa a 1843 domin bayin da aka 'yanta. Boeta ya rage gudu yana ba mu labarin yadda aka daɗe ana biyan leburorin gona wani ɓangare na ladansu da giya, abin da ya bar wa iyalai da yawa ciwon shaye-shaye har yau. Takardun talla na kamfanin ba su da ko layi ɗaya a kan wannan, sai hotunan kofuna da faɗuwar rana.

Franschhoek, ma'ana lungun Faransawa, kwari ne da duwatsu suka kewaye ta gefe uku. Kiristocin Furotesta da suka gudo daga Faransa, suka iso Cape a 1688, su ne aka ba filaye a wurin. Garin titi ɗaya ne mai tsada, ban daɗe ba. Amma hawan mashigin da ke bayansa, kada a bari a cire shi daga tsari. Hanya ce mai lanƙwasa kamar maciji, gwaggon biri zaune a bakin kwalta ba ya ko motsi, daga sama kuma sai ka ga kunyoyin inabi a shimfiɗe kamar kitso. Uwargida ta riƙe kujera har muka sauko, ta ce ita kam ta gani, ba ta ƙarawa. A hanyar Paarl muka tsaya a ƙofar gidan yarin da Nelson Mandela ya fito daga cikinsa ranar 11 ga Fabrairu, 1990. A da sunan gidan yarin Victor Verster, yanzu Drakenstein, ga mutum-mutumin Mandela a bakin ƙofa da hannu a ɗage.

Wasu ƙananan abubuwa. Kuɗin shiga wani lambu da aka kai mu ba ya cikin abin da na biya, kuma ba a faɗa mini ba sai a bakin ƙofa. Mota kuwa tsaf, da sanyi, ba ta taɓa makara ba. Rana tana daɗewa a Fabrairu, magariba sai bayan bakwai da rabi, don haka ana iya cin wurare da yawa ba tare da gaggawa ba. A riƙe hula da ruwa, zafin kwarin ba wasa ba ne, da yamma kuma iska tana neman rigar sanyi. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai tahowa daga Najeriya, kuma a nemi biza da wuri.

Zan sake amfani da su? E, amma ba yadda na yi ba. Zan nemi a rubuta mini sunan direba a cikin yarjejeniya, in kira gidan abinci da kaina kafin in biya ko sisi, in tambayi abin da ke cikin kuɗin da abin da ba ya ciki. Na karɓi lambar Boeta. Ya ce in na dawo lokacin girbi zai kai ni De Doorns, akwai wani abokinsa da ke aiki a rumbun da ake tattara inabin ci.