Bayanan LHCb a rumbun CERN: kyauta ne, amma sai an zauna

Ɗalibin fiziks a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da ke neman aikin kammala digiri, shafin CERN Open Data, inda cibiyar binciken fiziks ta Turai (CERN) ke sakin bayanan gwaje-gwajenta, ya cancanci datarsa. Ba a biyan ko kwabo. Mafi amfani a ciki shi ne bayanan da LHCb, ɗaya daga na'urorin gano ƙwayoyi na CERN, ta tara a 2011, lokacin da ake gwara furoton da furoton a ƙarfin 7 TeV. Da su mutum zai auna da kansa ko ƙwayar B+ da kishiyarta B− (antiparticle ɗinta) suna rushewa zuwa ƙwayoyi uku da ake kira kayon daidai wa daida. Irin wannan bambanci ake farauta don gano dalilin da kishiyoyin suka yi ɓatan dabo a sararin samaniya.

Fayil biyu ne, MagnetUp da MagnetDown, bisa inda maganaɗisun na'urar ya fuskanta, jimillarsu ta ɗan haura gigabait 1. Kada rowar data ta sa a sauke ɗaya. Ana juya maganaɗisun ne don karkatar na'urar ta kashe kanta, fayil guda kuwa zai iya nuna bambancin ƙarya. A sauke da umarnin wget -c cikin dare, in an ɗauke wuta ko sabis ya yanke sai a ɗora daga inda aka tsaya. Kwamfuta mai RAM 4 GB za ta iya, muddin da uproot, kayan Python na karanta irin waɗannan fayiloli, aka ɗebo ginshiƙan da ake buƙata kaɗai.

Wajen tacewa ake shan wuya. A fitar da ƙwayoyin miyuwon, a ɗaga ProbK (yiwuwar cewa ƙwayar kayon ce) sama da 0.5, a lissafa nauyin uwar ƙwayar da 493.7 MeV na kayon. Tudu zai fito a hoton a 5279 MeV, wato nauyin B. In aka sassauta, payon, wata ƙwaya daban, zai shigo da rigar kayon ya cika hoton da shara. In aka matse da yawa, adadi ya ragu, kuskuren ƙididdiga ya kumbura. Akasari ana manta cire rushewar da ta bi ta ƙwayar D0 da ke 1865 MeV, alhali hanyar rushewarta daban ce.

Bambancin jimilla tsakanin B+ da B− kashi kaɗan ne cikin 100, kuma kusan kashi 1 na iya zuwa tun daga gwarawar, tunda furoton biyu ne ba furoton da kishiyarsa ba. A taswirar Dalitz, wadda ke jera rushewar bisa nauyin kayon bibbiyu, bambancin yake fitowa ɓaro-ɓaro, yanki-yanki.

Aibinsa: bayanin duk da Turanci ne, kuma an rubuta darussan da tsofaffin kayan Python, sai an yi musu kwaskwarima kafin su tashi.