Gidan zoo ɗin nan, ɓangaren birai sai a hankali

Kuɗin shiga ba tsada, akwai inuwa, amma ɓangaren birai kam gaskiya bai yi ba. Waya ɗaya ce tsakaninsu da mutane, yara na miƙa musu gyaɗa hannu da hannu, mai share kejin ko safar hannu babu balle takunkumi, wani birin ma tari yake yana majina an barshi cikin sauran. Jama'a cizo ko yakushin biri fa ba wasa ba ne. A 1967 biran da aka kai Jamus daga Uganda ne suka sa wa ma'aikatan ɗakin gwaji cutar Marburg, mutum 7 suka rasu. Sai sun ƙara shinge da famfon wanke hannu zan sake kai yara. Tauraro 2.