Jita mai kogo ko dunƙulalliya: abin da na gani cikin shekara biyu

Shekara biyu ke nan ina riƙe da jitar lantarki guda biyu a ɗakina da ke Yelwa, nan Bauchi. Ɗaya mai kogo ce, da 'yan tagogi biyu a ƙirjinta irin na gogen Turawa. Ɗayar kuwa dunƙulallen katako ce, an yi ta a siffar Stratocaster, wato fitacciyar jitar kamfanin Fender. Dukansu na hannu ne, a Jos na saye su.

Mai kogon na fara saya, kuma gaskiya kyanta ne ya ruɗe ni. Amma muryar ma ba daga nan ba: kauri gare ta da taushi, kamar ta dattijo mai magana a nutse. Idan an ɗauke wuta da dare sai in zauna bakin ƙofa in yi ta kaɗawa ba tare da amfilifaya ba, ina jin kowace tsirkiya sarai. Ga ta sakayau a kafaɗa.

Ranar da ta kunyata ni, a wani biki ne a Gwallameji. An kafa rumfa, an jera manyan sifiku, ɗaya daidai bayana. Amarya na shigowa mai kula da sauti ya ƙara murya, sai jitar ta ɓarke da wani irin kuka, wuuu, har mata suka toshe kunne. Na danne tsirkiyoyin da tafin hannu, ina saki ta dawo da shi. Wani dattijo da ya daɗe yana kiɗa a coci ya matso ya ce min, "Ɗana, juya wa sifikar nan gefe, ka tura soso cikin tagogin." Haka aka yi, da soson wata tsohuwar kujera muka ƙarasa bikin. Kukan ya ragu, amma rabin daɗin muryar ya tafi da shi.

Daga baya na gane dalili. Sautin sifika ne ke shiga kogon ya girgiza katakon, tsirkiya ta motsa, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta ya ɗauka ya sake mayar wa sifika, abu ya yi ta zagayawa. Don magance haka ne kamfanin Gibson ya fito da wata jita mai suna ES-335 a 1958, ya sa gungumen katako a tsakiyar cikinta, kogon ya rage a gefe biyu kawai. Tawa ba ta da shi. Wanda zai saya ya haska tocila ta tagar ya leƙa tukuna.

Dunƙulalliyar ba ta san wannan rigima ba. Ƙara mata murya yadda kake so, sauti na fita tas, kuma idan ka taɓa tsirkiya tana daɗewa tana amo kafin ta mutu. Tun 1954 Fender ya fito da wannan siffa ta Stratocaster, har yau ita ce a hannun makaɗan Agadez da dama, mutanen da su ma a fili suke kiɗa, cikin ƙura da rana. Na sha ɗaukarta a Keke Napep, ta taɓa faɗuwa a kan siminti, fenti kawai ya ɓantare. Wuyanta da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, ko ya lalace ana iya sauyawa.

Aibinta biyu. Bayan awa uku a tsaye sai kafaɗa ta fara ƙorafi. Sannan tana da wani gurnani ƙasa-ƙasa, musamman in da janareta ake aiki. Idan na kai makunninta na zaɓen maganaɗisu matsayi na biyu ko na huɗu sai ya lafa.

Hunturu kuwa bai bar ko ɗaya ba. Katakon wuya kan tsuke, bakin ƙarafunan da ke jere a kansa ya fito yana kartar yatsa. Sai dai mai kogon ta fi shan wuya, don katakonta siriri ne. Bara wani layi ya tsage a gefenta, yanzu nakan ajiye jiƙaƙƙen soso cikin 'yar roba mai huji a akwatinta daga Nuwamba har ƙarshen Fabrairu.

Ƙanena da ya fara koyo, dunƙulalliya na ce ya nema, tunda biki da taro zai riƙa zuwa. Mai kogon kuma mutum biyu sun taya, na ce ba ta sayarwa ba ce.