Ɗan kwikwiyo ko wanda ya riga ya hau fili?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a Ayalan ya tambaya: yana son sayen karen tsere irin greyhound karo na farko, shin ya ɗauki ɗan kwikwiyo mai wata uku zuwa shida ya rena, ko ya ƙara kuɗi ya sayi matashi mai wata 15 zuwa 18 da aka riga aka gwada gudunsa?

Malam, kwikwiyo dai cinikin biri a sama ne. Abin da kake saya takarda ce: wane ne ubansa, wace ce uwarsa, me 'yan'uwansa na haihuwar baya suka yi a fili. Ni na fi duba ɓangaren uwa, don shahararren uba yana da 'ya'ya ɗaruruwa, nagari da lalatattu. Kuɗinsa da sauƙi a ranar saye, amma za ka yi kusan shekara kana biyan abinci, allurai da wurin reno mai faɗin da zai sake ƙafa, tun ba a fara koya masa fita daga akwatin tashi da bin zomon roba da inji ke ja a gaban karnuka ba. A Ingila ma ba a barin kare ya shiga tsere sai ya kai wata 15. Bayan duk wannan, wani sai ya ƙi bin zomon, wani kuma ya riƙa juya kai yana neman cizon abokan gudu, a dakatar da shi. Ba ka da hanyar gane haka a wata huɗu. Iyakarka ka duba ƙafafu a miƙe suke, yatsu a dunƙule, kuma ba mai ɓuya ba ne idan baƙo ya shigo.

Wanda aka gwada kuwa agogo ne ke magana. Tseren da aka fi yi a Ayalan yadi 525 ne, karnuka shida. Mai cinye shi ƙasa da daƙiƙa 29 kare ne na gaske, mai 30 kuma na ƙananan aji. Kada ka raina rabin daƙiƙa, tazarar tsawon kare kusan bakwai ke nan. Tsadarsa daga nan take. Sai dai ka tambayi kanka me ya sa mai shi zai rabu da shi. Ka je da likitan dabbobi ko mai horarwar da kai ka zaɓa ya lalube gwiwar baya, wuyan ƙafar gaba da yatsu, don kwanar fili nan take ci. Ka kuma tambayi a wane fili aka ɗauki lokacin, domin na Shelbourne Park a Dablin da na ƙaramin filin karkara ba lallai su zo ɗaya ba.

Ko wanne ka ɗauka, buɗe kunnuwansa. Karen Ayalan yana da lamba a kunnuwa biyu da ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, kuma dole su dace da rajistar Irish Coursing Club, ƙungiyar da ke rajistar karnukan tsere, da ke garin Clonmel.

Da ni ne kai, gwadadden zan saya, ko da haɗin gwiwa da mutum biyu ko uku. Ka kuma shirya masa wurin zama tun yanzu: yawanci a shekara huɗu zuwa biyar da haihuwa suke barin tsere, alhali suna iya kai shekara 12 a raye.