Robar da ake tausasawa a ruwan zafi, na yi wa ɗalibina mariƙin fensir da ita

Wata uku kenan ina amfani da ƙwayoyin robar nan farare ƴan ƙanana, sunanta na kimiyya polikafrolakton, kuma gaskiya ta fitar da ni kunya. Akwai wani yaro a ajina mai shekara 8, yana da lalurar da ke sa yatsunsa su ƙage, in ya riƙe fensir sai ya zame, ya yi ta fama har ya gaji ya kifa kai a tebur, wallahi abin na ci min rai don yaron akwai ƙwaƙwalwa. Mun gwada mariƙan fensir na saye kala uku, duk ba su zauna masa ba, ai an yi su ne don hannun da ke buɗewa daidai.

Ita wannan robar tana yin laushi a wajen digiri 60, za ku zuba ƙwayoyin a ruwan zafi, da kun ga sun koma garau kamar gilashi sun haɗe to ta yi. Ku ciro da cokali, ku ɗan jira, ku fara taɓawa da hannunku tukunna kafin ta kusanci fatar yaro, don Allah kar a yi wasa da wannan. Na naɗa ta a jikin fensir na ce ya riƙe yadda ya fi masa daɗi, shatin yatsunsa ya fito, da ta huce ta koma fara ta yi tauri sosai. Na farko ya yi kauri da yawa, na mayar cikin ruwan zafi na sake, sau huɗu na yi haka da roba ɗaya ba asarar komai, wannan ne ya fi burge ni.

Matsalarta uku. In tana da ɗumi tana manne wa wasu robobin, don haka kwanon gilashi nake amfani da shi. Sannan ba ta son zafi, kar a manta ta a mota cikin rana, lanƙwashewa za ta yi. Tana kuma ɗan santsi in hannu ya yi gumi, sai na zana mata layi-layi da bakin cokali tun tana da laushi.

Yanzu yana rubuta sunansa ba tare da fensir ya faɗi ba, a hankali dai, amma da kansa. Mamansa ta roƙe ni in yi masa irinsa na buroshin goge haƙora, ran Asabar zan zauna in yi in sha Allah.