Fromaj ɗin Camembert da ake saidawa a Garwa, ya cancanci kuɗinsa?

Jama'a masu tambaya kan fromaj ɗin nan, wato cukun Turawa na cikin ɗan akwatin katako zagayayye da ke firijin manyan butik, to ga ra'ayina. Kada ku ɗauka irin Vache qui rit ne da yara ke shafawa a burodi, sam ba hanyarsu ɗaya ba. Wannan bayansa fari fat kamar an barbaɗa gari, cikinsa laushi, in ya nuna har malala yake, warin kuma sai wanda ya saba da daddawa zai jure. Amma wallahi da burodi mai zafi da shayi akwai daɗi.

Camembert ɗin sunan ƙauye ne fa a Normandi, arewacin Faransa, ƙauyen manoma da shanu da itatuwan tuffa, mutanensa wajen 200 ne kacal. Ana cewa wata manomiya Marie Harel ce ta fara yinsa a 1791 lokacin juyin juya halinsu, wai wani limamin coci da ta ɓoye ne ya koya mata. Akwatin katakon sai wajen 1890 ya zo, shi ya sa aka iya ɗora shi a jirgin ƙasa ya yi nisa bai lalace ba, a yaƙin duniya na farko kuma aka riƙa ba sojoji, daga nan ya cika ƙasa.

Abin da ya ban haushi, mutanen ƙauyen ba su riƙe sunan ba, tun 1926 kotu ta ce kowa na iya yin nasa ya kira shi camembert, don haka yawancin wanda ke iso mana na masana'anta ne da dafaffiyar madara, bai taɓa ganin ƙauyen ba amma a tsawwala maka sefa kamar daga hannun Marie ya fito. Na ainihin shi ne aka rubuta Camembert de Normandie, da ɗanyar madara, an ba sunan kariyar doka a 1983, kuma guda ɗaya mai gram 250 na cin madara sama da lita 2.

Sai maganar wuta. Da zafin Garwa da yadda ake ɗauke lantarki, ka danna tsakiyarsa kafin ka biya, in ya yi ruwa ko warin na hawa ido ka ajiye musu abinsu. Ni zan sake saya, amma sai da sanyi, kuma guda ɗaya ya ishi gida.